Masu Sharhin Katantanwa a Kujama

Fim ɗin Inception na Christopher Nolan ya fito tun 2010, amma duk ranar da babu ƙwallo aka saka shi a gidan kallo a Kujama, sai gardama ta tashi. A ƙarshensa Cobb, ɓarawon da ke shiga mafarkin mutane, ya dawo gida, ya murza katantanwarsa a kan tebur. In ta faɗi, ido biyu yake, in ta ci gaba da juyawa, mafarki ne. Bai tsaya ya gani ba, ya nufi 'ya'yansa, allo ya yi baƙi. Me ya sa bai jira ba? Nan ake gane halin kowa.

Akwai Mai Zargin Janareta. Shi ya tabbata mai ne ya ƙare, yana bakin ƙofa yana neman canjinsa.

Akwai Sarkin Barci. Tun jirgin ƙasa na farko ya yi gaba, bai farka ba sai da aka fara ɗaga benci, amma muryarsa ta fi ta kowa: “Ai a bayyane take!”

Sai Na-Algaita, wanda finafinan Indiya suka raina. Hukuncinsa guda ne: fim ba waƙa, ba bos ɗin da aka jibga, wannan ba ƙarshe ba ne, sai an kawo kashi na biyu.

Ga Ɗan Bincike da wayarsa. Ya ce a dubi yatsan Cobb, don a mafarki kaɗai yake sa zoben aure. Ya ƙara da cewa ɗan wasa Michael Caine ya faɗa duk fitowar da yake ciki gaske ce. Data na ƙarewa, iliminsa ya ƙare.

Mai Ganin Makirci kuwa ya rantse attajiri Saito ne ya yaudari Cobb. Wane mai kuɗi ne zai cika alkawari da kiran waya ɗaya?

Can gefe akwai direban hanyar Kachia, mai 'ya'ya shida. Ya miƙe yana karkaɗe hula ya ce, “Samari, wanda ya yi shekaru bai ga yaransa ba, katantanwa zai tsaya kallo?”

Shi kaɗai ya dubi mutumin, sauran tebur suka zuba wa ido. Direba ne ya ci gardamar.