Yadda Na Zama Kamfanin Wutar Lantarki a Hotoro

Duk wanda ya zauna a Kano a ƙarshen watan Oktoban 2024 ba sai an tuna masa da duhun da aka sha ba. Layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi, sai kuma na Ugwuaji zuwa Apir, wanda Arewa ta jingina da shi, ya faɗi. Aka yi sama da mako guda ko ƙyallin ƙwai babu. Litar fetur ta haura naira dubu, janaretana ya koma wurin shanya tsumman goge-goge. A kamfanin robobin da nake aikin sito a Sharada aka ba mu hutun dole, don mai kamfani ya ce duk bokitin da aka buga da dizal, asara aka buga.

Ina zaune a ƙofar gida da mafici sai ga kiran ɗan yayata daga Ingila. Da ya ji halin da muke ciki, maimakon jaje sai ya yi dariya.

"Kawu, ku da rana take dukanku kyauta? Ni nan da sai na yi mako ban ga idonta ba, biyana ake yi saboda ita."

Gidan da ya saya, mai shi na farko ya kafa fanel a kan rufi tun 2011. Akwai wata 'yar mita ta musamman da ke ƙirga wutar da fanel ɗin suka samar. Duk wata uku sai ya karanta lambar ya aika, kuɗi su faɗo asusunsa. Ya ce Jamus ce ta ɗaukaka tsarin da dokarta ta 2000, Ingila ta bi a watan Afrilun 2010. Waɗanda suka shiga da wuri an yanka musu sama da kwabo 41 na kuɗin Ingila a kan kowane yunit, har shekara 25, ko da su suka sha wutar da kansu. Rarar da ta fita zuwa layi kuma da ɗan ƙarin kuɗinta, kuma gidan da ba shi da mitar auna fita, sai a ƙaddara rabi ya fitar. Ya ci gaba da cewa wai an rufe ƙofar shiga tun watan Maris na 2019, da wasu bayanai masu kashe gwiwa, amma a lokacin na riga na aiki yaro ya ɗauko min biro.

Lissafi sana'ata ce, don haka a saurara. Fanel shida, kowanne wat 550, kilowat 3.3 ke nan. Rana a Kano awa 12 take yi a sama, wannan ko makaho ya shaida. Yunit 40 a kullum. Gidana, da fankoki da firij da talabijin da cajin wayoyi, ba ya wuce yunit 8. Saura 32. Farashi kuwa ban wahalar da kaina ba. Tun watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, masu alƙawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225, daga baya ya tsaya a 209.5, kuma da shi ake cajin masana'antu irin namu har akanta yana riƙe kai. Layinmu na gida ba ya cikin rukunin, amma wutata ai mai kyau ce, ta rukunin A zan sayar. Sama da naira dubu 200 a wata, ina kwance.

Na kwashi adashena, na sayar da janareta, sauran na ranta a wurin uwargida daga kuɗin awakinta. Ta tambaye ni yaushe zan biya. Na ce da zarar kamfanin wuta ya biya ni. Ta dube ni, ta dubi ƙwan da ke rataye a falo wanda rabonsa da haske an kwana biyu, ta ce Allah ya sa alheri.

Wani matashi da ake kira Injiniya, daga cikin masu kayan wuta na Sabon Gari, shi ya haɗa min. Tun da ya ga kuɗin ya fara kirana Alhaji, ni da ko Legas ban taɓa zuwa a jirgi ba. Ya kafa inbata mai iya haɗa sola da batir da wutar layi, ya nuna min ɗan allonta mai lambobi, ya ce kada a taɓa komai. A daren nan gidana kaɗai ke da haske a layinmu. Na fito da kujera waje na zauna a ƙarƙashin ƙwai, ba don ina da abin karantawa ba.

Da na duba allon da magaribar washegari sai na ga 9. Ba 40 ba, 9. Na kira Injiniya na ce an sayar min da fanel na jabu.

Ya zo ya yi min karatu a tsaye. Wat 550 da aka rubuta a bayan fanel, an auna shi ne da cikakkiyar rana kuma fanel yana da sanyin digiri 25. A kan kwanon Hotoro da azahar kuwa fanel ya fi ƙarfin a ɗora masa hannu, kuma zafi rage masa ƙarfi yake yi. Ranar safe da ta yamma a karkace suke zuwa, idan aka tattara duka yinin bai fi awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana ba. Sai kuma babbar magana: inbata ba ta jawo wutar da ba ta da inda za ta kai. Da zarar batir ya cika, wajen sha biyun rana, sai ta rage ja daga fanel zuwa daidai abin da gida ke sha. Lambar da ke allon, abin da aka karɓa ne, ba abin da rana ta bayar ba.

"To sauran fa, Injiniya?"

"Yana kan kwano, Alhaji. Yana gasa ƙadangaru."

Hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, lambar ta ƙara sauka. Injiniya ya ce ƙura ce, a riƙa wanke fanel da sassafe kafin su yi zafi. Yaron da zai hau ya ce a ba shi dubu biyu. Na ce mai kamfani ba ya fara kasuwanci da ɓarnar kuɗi, na aro tsani.

Kowa ya san ƙa'idar hawa sama a Kano: sai an aika gidajen maƙwabta an ce namiji zai hau rufi, mata su kintsa. Na aiki autana. Ashe a hanya ya tarar ana buga ƙwallo kuma ana neman mai tsaron gida. Ina kaiwa saman kwano, da bokiti a hannu da tsumma a kafaɗa, sai na ji salati daga gidaje uku a lokaci guda. Wata ta yar da muciya, wata ta shige bayan turmi, wata tsohuwa kuwa ko motsi ba ta yi ba, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, lafiya?" Na runtse ido don kunya, wanda kuma ba dabara ba ce ga mutumin da ke tsaye a kan jiƙaƙƙen kwano. Bokitin ya riga ni sauka, a cikin gidan maƙwabcina, a kan shanyar kuɓewa. Ni na biyo ta ɓangarenmu a zaune, ina jan wando, har Allah ya haɗa ƙafata da tsani. Da yamma na saka babbar riga na bi gida uku ina ba da haƙuri, na kuma biya kuɓewa. An ci fiye da dubu biyun yaron, amma lambar ta hau zuwa 11, kuma wannan nasara ce da ba wanda ya taya ni murnarta.

Saura sayarwa. Na samu wani bidiyo a YouTube inda wani Ba'indiye ke nuna yadda ake shiga saitin inbata irin tawa a ba ta izinin tura rara zuwa layi. Ban ji yarensa ba, amma yatsansa na bi. Na danna, na koma gefe ina jiran arziki.

Nan na gano wani abu game da kasuwar wuta: ba a sayar wa layin da ba shi da wuta. An ƙera inbata ta yadda idan aka ɗauke wuta za ta yanke kanta daga layi nan take, don kada ta kashe ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tunanin waya a mace take. Wannan hikima ce, ban musa ba. Sai dai a layinmu an fi kawo wuta da tsakar dare, lokacin da ni ba ni da hajar sayarwa, a ɗauke ta da hantsi, lokacin da kayana suka yi yawa. Ni da mai sayena muka yi ta saɓani.

Wata Asabar, wajen sha ɗaya na rana, yara suka kwashe da ihun an kawo wuta. Na ruga wurin inbata. Ga kibiya nan a allo ta juya, tana nuni daga gidana zuwa hoton turke. Na kira uwargida ta zo ta gani da idonta: yau unguwar Hotoro wutata take sha. Na leƙa mitar kati da ke jikin bango, akwai yunit 60 da ɗoriya, na rubuta a littafi. Da la'asar na koma, sun ragu. Na yi nazari, na gane cewa mita tana cire abin da na tura ne don ta san adadin bashin da nake bi. Aka yi sa'a a 'yan kwanakin nan ana kawo wutar rana, ni kuma ina ta fitar da kaya, mita tana ta sauka, ina ta rubutawa. Ranar da ta fara ƙara da jar fitila, na ɗauka alamar lokacin biya ne ya yi.

Na je ofishin 'yan wuta da littafina da takardar neman biya, an buga ta da kwamfuta, har da lambar asusu. Yarinyar da ke kan tebur ta karanta sau biyu.

"Baba, kati za ka saya?"

"Kuɗina na zo karɓa, 'yata. Ni na ba ku wuta."

Ta tashi ta kira wani dattijo. Tambayarsa ta farko ita ce ko na buɗe mitar, ko wani ya yi min haɗin bayan fage, don tarar wannan ba ta wasa ba ce. Na rantse. Da ya ji labarin inbata sai ya cire tabarau ya goge ido, kafaɗunsa suna rawa. Ya ce yawancin mitocin kati irin tawa ba su san gaba da baya ba. Kamar ɗan kamasho ne a tasha, ko shigowa mota ta yi ko fita, sai ya karɓi nasa. Duk yunit ɗin da na tura waje, mita ta ƙirga shi a matsayin wanda na sha, ta cire daga katina. Wato maƙwabta sun sha wutata, mitocinsu sun caje su, ni ma tawa ta caje ni.

Wanda zai sayar da wuta, in ji shi, sai da mita mai ƙirga shiga daban da fita daban, da yarjejeniya a rubuce, da injiniyoyin da za su tabbatar taransifomar unguwa za ta ɗauka. Na ce ai na ji akwai doka. Ya ce ƙwarai, NERC ta fitar da tsarin farashin sayen wutar rana da iska tun 2015, amma da manyan tashoshi aka yi shi a rai, masu megawat ɗaya zuwa sama. Ya kawo misalin tashar sola mai megawat 10 da Shugaba Buhari ya buɗe a yankin masana'antu na Challawa a watan Janairun 2023.

"Kai megawat nawa gare ka, Alhaji?"

Na ce fanel shida ne, amma manya ne.

Na fito da katin dubu biyar, wanda yarinyar ta sayar min cikin ladabi.

Injiniya ya zo ya mayar da saitin, ya maƙala wata 'yar na'ura a wayar da ta shigo daga mita, wadda ke sa inbata ta ja birki da zarar wuta ta nufi waje. Ya tambayi wanda ya shiga saitin. Na ce gidan yara ne, ka san halinsu.

Duk wannan abin uwargida tana ji, ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya ta tambayi Injiniya: wutar nan da ke gasa ƙadangaru daga sha biyu zuwa la'asar, za ta ɗauki firiza? Ya ce har da canji. Ana saura kwanaki azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris, sai ga firiza a kan kura, ta sayar da ragowar awakin. Tana kunna ta da hantsi, ta kashe da yamma don kada ta taɓa batir. Lambar allon da na yi ta fama da ita har da zamewa a kan kwano ta haye 14 ba tare da kowa ya hau ko'ina ba. Kafin la'asar layin yara da kuloli ya kai bakin titi, har daga Tsamiyar Boka ake zuwa sayen ƙanƙara.

Na bari aka sha ruwa, na kawo littafina na zauna kusa da ita. Na yi mata bayanin yadda ake yi a Jamus da Ingila: mai samar da wuta daban, mai saye daban, kuma ana biyan kowane yunit. Firizarta na shan kamar yunit uku a rana, a farashin rukunin A.

Ta ce, "Malam, fanel nawa ne a sama?"

Na ce shida.

"Kuɗin awakina guda nawa suka saya?"

Na ce wannan wata magana ce daban. Ta ce ba daban ba ce, huɗu ne, ta tambayi Injiniya. Saboda haka firiza wutarta take sha, kuma fankar ɗakina da ke kwana tana juyi, ba ta tabbatar biyun nawa ne ke riƙe da ita ba, amma ba za ta matsa ba tunda watan ibada ne. Muka yi ciniki har aka kira isha'i. An tsaya a kan ƙullin ƙanƙara biyu kullum da buɗa-baki, wankin fanel kuma a kaina, ranar Asabar, bayan ita da kanta ta aika gidajen maƙwabta.