Rago Ɗaya, Suna Huɗu

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi suna a gidanmu, amma har yau ban tabbatar da sunan yaron ba. A gabana aka raɗa shi da sassafe: aka raba goro da dabino, liman ya ce a shafa fatiha, sunan yaro Muhammadu Sani. Kafin a gama feɗe rago sanarwa ta fito a WhatsApp cewa Allah ya raya Aryan. Da azahar dangin maijego suka iso da robobin rabo masu hoton jariri, an buga Ayman a jiki. Shi kuwa uban yaron, ƙanena, Abba yake ce masa, domin sunan mahaifinmu aka mayar, kuma bakinsa bai yi ƙwarin da zai furta shi ba.

Na tambayi maijego ma'anar Aryan. Ta ce ƙofar Aljanna ce. Na lura duk sunan da aka tsinto a intanet, in ba ƙofar Aljanna ba ne to furen Aljanna ne, ko da kuwa daga fim ɗin Indiya aka kwaso shi.

Kakanninmu ba su da takardar haihuwa, sai suka mayar da suna rajista. Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai sun gaya maka ranar da suka zo. Marka ta faɗo ana tsuga ruwa, Nomau ana tsakiyar aikin gona. In ka ji Tanko, mata ne suka riga shi; Kande kuwa maza ta biyo. Gambo ya zo bayan tagwaye, Audi bai tarar da ubansa a duniya ba, Cindo yatsa shida gare shi, Shekarau ya yi nauyin jiki wajen fitowa. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa takan sa a kai jaririn juji a ajiye sannan a ɗauko, a kira shi Ajuji, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Kuma waɗannan sunaye ba su hana kowa cin gaba ba. Balarabe Musa ya zama gwamnan Kaduna a 1979, ɗan Shekarau kuma ya riƙe Kano shekara takwas daga 2003, ba wanda ya ce sai sun sake suna kafin a rantsar da su.

Sai dai kada mu wanke tsofaffin nan tas. Su suka ƙirƙiro alkunya, wadda ta ɓatar da rabin tarihin gidanmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran na miji, suruka ba ta kiran na uwar miji. Shi ya sa muke da A'isha uku a gida ɗaya, ɗaya Ummi, ɗaya Mama, ɗaya Hajiya Ƙarama, kuma in ka tsaya a tsakar gida ka ce "A'isha" ko kaza ba za ta waiwayo ba. Gwaggona kuwa sai ranar da ake cike mata takardun aikin Hajji muka gano Zainabu ce. Ita ma sai da ta ɗan yi tunani.

Batun asali kuwa a bakin maroƙi yake, kuma da farashinsa. Da ƙanena ya miƙa masa ɗari biyar, jikokin malamai ne mu. Da Kawu ya ƙara dubu, sai ga mu Toronkawa, kakanmu na riƙe da tutar Shehu a jihadin 1804. Na tabbata da wani ya zaro dubu biyar da mun wayi gari a bakin rijiyar Kusugu muna taya Bayajidda sare kan maciji. Duk gidan sunan da na je a garin nan haka ne: kowa jikan sarki ne, ko na sharifi, ko na alƙali. Ban taɓa cin naman sunan jikan manomi ba, har nakan rasa wa ya noma geron da masu tuta suka sha fura da shi. Iya, kakarmu, da ke jin kirarin daga ɗaki, cewa ta yi ita dai abin da ta sani, kakan mijinta jakuna yake korawa zuwa Gwanja sayen goro. Kawu ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Da yamma aka kai mata jaririn. Ta karɓe shi, ta tofa masa addu'a, ta ce, "Wa aka samu?"

Maijego ta sunkuyar da kai ta ce, "Aryan, Iya."

"A'uzubillahi! Aljan?"

Aka maimaita mata sau uku, har da Ayman ɗin, ta ce ita haƙoranta ba za su iya ba. Ta tambayi ranar da aka haife shi, aka ce Alhamis. Ta ce, "To, Ɗanlami ke nan. Ku ɗauke min shi, ya jiƙa min zane."

Kwana uku ke nan yaran gida Ɗanlami suke cewa, mai kawo mana ruwa ma haka. Jiya da dare na ga maijego ta sake hoton da ke WhatsApp ɗinta, ta rubuta a ƙarƙashi: Dhanlameey.