Ku da Kuka Ce an Riga an Gama

Malam mai shakka, na ji ka. Kai da 'yan majalisarku ta teburin mai shayi kun yanke hukunci cewa zaɓen fidda gwani wasan kwaikwayo ne, manya sun raba komai tun a ɗaki, daliget kuwa 'yan rakiya ne. To madalla. Sai dai ku ne dai kuka kwana ido biyu a watan Yunin 2022, kuna sauraron ƙirgen ƙuri'un APC daga Dandalin Eagle. Wasan da aka san ƙarshensa ne ya hana ku barci?

Ku tuna abin da kuka rantse a kai. Kun ce wanda Buhari ya ɗaga wa hannu shi ke nan. Ana jajibirin zaɓe shugaban jam'iyya na lokacin Abdullahi Adamu ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha, kuka tafa kuka ce ai mun faɗa. Gwamnonin Arewa na APC suka ce a'a, mulki ya koma Kudu. Da aka ƙirga, Lawan ya tashi da 152, Osinbajo da ke zaune a fadar kanta a lokacin 235, Amaechi 316, Tinubu 1,271. Washegari kuka ce dama kun san Tinubu ne. Allah ya ƙara basira!

Yanzu za ka ce ai dala ce ta yi aiki. Ban musa maka cewa kuɗi sun yi yawo ba. A 2022 fom kaɗai naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Har manoman shinkafa aka ce sun yi karo-karo sun saya wa Emefiele, makiyaya kuma suka saya wa Jonathan, shi ya ce bai aike su ba. Amma ka zaɓi ɗaya, ɗan'uwa. In an gama rabo a ɗaki, wa zai ɓarnatar da dalarsa a kan daliget? Mutum ba ya sayen abin da ke aljihunsa. Kuma daliget ɗin nan da kake rainawa ya iya karɓar gaisuwar mutum uku ya zaɓi na huɗu. Rochas Okorocha da Fasto Tunde Bakare sun biya kuɗin fom cif, ko ƙuri'a ɗaya ba su samu ba.

Na PDP ma fa? Ranar 28 ga Mayu Wike ya shigo filin wasa na Abuja yana jin kamar ya gama, sai Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku. Atiku 371, Wike 237. Fushin daren nan ne ya haifi ƙungiyar gwamnonin G5, ya ci PDP a zaɓen 2023, ya kai Wike kujerar ministan Abuja a gwamnatin Tinubu. A cikinku masu gani har hanji, wa ya hango wannan? Ɗaga hannu mana, Malam, ai ba a cajin miliyan ɗari.