Gadar Kuraye da Ƙwaryar Tsakuwa

Gatanan gatanan ku. Ta zo mu ji ta.

A wani babban daji can ƙasar Amurka akwai kogi, a tsallakensa kuma akwai kasuwar da ake kira intanet. Babu abin da ba a samu a cikinta: labarai, karatu, neman aiki, ciniki, har hira da dangi na nesa. Ba a shiga sai ta gada, gadojin kuwa na wasu kuraye ne 'yan kaɗan. Su suka gina, kowa na biyansu kuɗin wata, kuma ba wanda ya ce kada su ci guminsu.

Ana nan sai kwaɗayi ya motsa. A 2007 aka kama wata kura, wadda mutane suka sani da Comcast, tana rage wa masu ɗauke da manyan kaya sauri a ɓoye. Aka kuma fara maganar ware hanya mai sauri ga duk mai rumfar da ya ƙara kuɗi. Giwa ba ta damu ba, tana da abin biya. Kunkuru kuwa, da 'yar rumfarsa ta littattafai a ƙarshen kasuwa, ya san idan masu zuwa wajensa suka daɗe a layi za su juya wajen Giwa, ko da kayansa sun fi.

Akwai dattawa biyar masu kula da gadoji, ana ce wa majalisarsu FCC. A 2014 suka ajiye ƙwarya a dandali, suka ce duk mai magana ya rubuta ta a jikin tsakuwa, ya sa sunansa, ya jefa. Dabbobi suka yi dafifi, har tururuwa da gara, aka tara tsakuwa kusan miliyan 4. A Fabrairun 2015 dattawa suka yanke hukunci, uku suka rinjayi biyu: ba tare hanya, ba rage wa kowa sauri, ba sayar da wuce layi.

Da sarauta ta sauya a 2017, sabon shugaban dattawa ya ce dokar ta sanyaya wa kuraye gwiwa, sun rage gina sababbin gadoji zuwa ƙauyuka. Magana ce da ta cancanci a zauna a auna ta da hujja, domin na ƙauye ma yana son kasuwa. Ya nemi a soke dokar, aka sake fito da ƙwarya.

Kuraye suka haɗa kuɗi suka ɗauki 'yan kwangila su samo musu magoya baya, kwangilar kuwa ta gangaro har hannun Gizo. Gizo ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya rataya buhun gero a reshe, yana ta shela: "Kyauta! Faɗi sunanka da unguwarku, ƙila rabonka ne." Dabbobi suka yi layi suna faɗa. Ba wanda aka tambaya komai game da gada. Da dare ya yi sai ya kira matarsa.

"Ƙoƙi, kawo fitila da tsakuwa."

"Maigida, waɗannan bayin Allah sun ce suna son a soke dokar?"

"Ke dai rubuta. Suna na saya, kuma sun ba ni."

Haka suka kwana suna yi, dare bayan dare. Da sunayen layi suka ƙare, Gizo ya nemo tsofaffin takardu ya kwashe na ciki, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani ɗan Zomo, ɗalibi mai shekara 19, wanda ke son dokar da zuciya ɗaya. Ya yi amfani da na'urar da ke ƙirƙiro sunaye, shi kaɗai ya zuba tsakuwa miliyan 7.7. A ganina ɓarnarsa ba ta gaza ta Gizo ba, domin shi ya ba masu son toshe kunne damar cewa ƙwaryar duk shara ce.

Kunkuru bai san da wannan ba. Kwana uku ya yi yana tafiya da tsakuwarsa a baki, wadda ya rubuta da hannunsa, ya bayyana yadda rumfarsa ke ciyar da 'ya'yansa. Ya tarar ƙwarya ta cika ta tumbatsa, tsakuwa sama da miliyan 22. Yana neman inda zai ajiye tasa, sai idonsa ya faɗa kan wata mai ɗauke da sunan mahaifiyarsa, wadda shi da kansa ya binne, an rubuta wai tana roƙon a soke doka. Ya ɗauke ta ya je gaban dattawa jikinsa na rawa.

"Ranku ya daɗe, Inna ta rasu tun kafin a fara wannan magana. A dakata a tantance, a san wa ya yi magana da bakinsa."

Aka ce masa ba ƙidaya ake yi ba, hujja ake dubawa. Kunkuru ya ce, "To wa zai tono hujjata a ƙarƙashin wannan tsibi?" Ba a dakata ba. Ranar 14 ga Disamba 2017 uku suka sake rinjayar biyu, aka soke dokar.

Gaskiya ta fito, sai dai ta makara. A Mayun 2021 ofishin babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ya bayyana cewa kusan miliyan 18 na tsakuwar nan jabu ne, kuma sama da miliyan 8.5 daga ciki sun fito ne daga yaƙin da kuɗin kuraye suka ɗauki nauyinsa. Binciken bai sami shaidar cewa kurayen sun san abin da su Gizo ke aikatawa ba. An ci wasu 'yan kwangila tara, amma hukuncin dattawa ya zauna daram.

A Afrilun 2024 wasu sababbin dattawa suka maido da dokar, dabbobi suka fara murna. A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara da ke Cincinnati ta ce dattawan ba su da wannan hurumi, ta rushe ta. Wasu sassan dajin, irin su Kaliforniya, suna da tasu dokar, sauran dabbobi kuwa sai dai su kai kukansu majalisar dokokin ƙasa.

Ƙurunƙus.