Amarya, Zazzage Jakar Nan Mu Gani

Na san za a yi tsaki. Hajiya ma har ta gyara zaman gilashinta, ta ce duk abin da ke damun mai juna biyu, ga laulayi, ga kumburin ƙafa, ga hawan jini, a rasa abin da za a cika shafi da shi sai ƙurajen fuska? Ita tara ta haifa, kuma ba ta taɓa kai fuskarta gaban likita ba. Allah ya ƙara lafiya, Hajiya, babu mai ja da ke. Sai dai a yi mini izinin tambaya ɗaya. Lokacin da kike goyon cikin taran nan, me ke gaban madubinki? Man kaɗanya, sabulun salo, kwalli, sai hoda in za a gidan biki. To, yau ki leƙa ɗakin matar ɗanki ki ƙirga kwalabe. In kin gama kafin la'asar, goronki na wannan makon a wuyana.

Ƙurjin fuska ba ya taɓa ɗan da ke ciki. Abin da ake shafa masa da abin da ake haɗiya dominsa, su ne suka sa na ɗauki alƙalami.

Yadda yake fitowa ba wani asiri ba ne. Ciki na hargitsa sinadaran jikin mace, furojestaron da 'yan uwansa su hauhawa, su zuga ƙananan jakunkunan maiƙo da ke ƙarƙashin fata su yi ta zuba babu hutu. Maiƙon ya cakuɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar gashi, ƙwayar cutar da dama can tana zaune a wurin ta samu abinci, sai gurin ya kumbura ya tara ruwa. Wata tun watannin farko yake feso mata, wata sai ciki ya tsufa, wata kuwa fuskarta ta yi luwai-luwai har abokiyar zama ta fara binciken ko maigida ya sayo mai a ɓoye.

Masu duba kuma ba sa makara. Gwaggo ta ce mace ce, ta kwashe kyan uwarta. Inna ta ce ina, namiji ne, shi ke munana uwa. Ko me aka haifa, ranar suna ɗayarsu za ta tafa hannu ta ce "ban faɗa ba?" Ku ƙyale su, ba su cuci kowa ba. Wadda nake so mu ɗan keɓe da ita ita ce mai cewa gyaɗa ce, ƙwai ne, maganin awo ne. An hana yarinya ƙuli-ƙuli, an hana ta ƙwai, har ta tura ƙwayar ƙarin jini da folik asid ƙarƙashin katifa wai su ke feso mata. Folik asid ɗin nan kuwa ita ke tsare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar tayi daga tawaya. Binciken da ake da shi ya fi nuna yatsa ga kayan zaƙi da farin burodi, da madara ga wasu mutane. In lallai sai an hana wani abu, a fara da lemon kwalbar da maigida ke shigowa da shi tare da tsire.

Yanzu ke, amarya. Ajiye wayar nan, TikTok ba zai gudu ba.

Mu fara da na haɗiya, don nan babu wasa. Akwai ƙwayar da ake kira aisotiretinoyin, ana sayar da ita da sunan Roaccutane ko Accutane. Tana aiki, ba ƙarya, har ƙurajen da suka gagari komai tana busar da su. Amurka ta amince da ita a 1982, kuma ba a je ko'ina ba aka fara ganin ɓari, da jariran da aka haifa da tawayar kunne, da ta zuciya, da ta ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tun 2006 suka kafa tsarin iPLEDGE: macen da ke iya ɗaukar ciki ba ta karɓar maganin sai an yi mata gwajin ciki, kowane wata a sake, kuma ko ta daina sha sai ta jira wata guda kafin ta nemi haihuwa. Can sai an sa hannu a takarda. Nan kuwa ƙawa ce za ta buɗe jaka ta ce "ungo ragowar nawa, ni ya yi mini." In kin riga kin sha sannan kika gane kina da ciki, ki daina yau, ki tafi asibiti yau, kada kunya ta sa ki jira ranar awo.

Tana da dangi na shafawa, su Retin-A da Differin da duk man dare mai retinol. Abin da ke ratsa fata daga cikinsu kaɗan ne, don haka wadda ta shafa kafin ta sani kada ta hana kanta barci. Amma likitoci sun ce a ajiye su har a sauka, kuma ban ga dalilin yin gardama da su a kan tabon kumatu ba.

Sai kafson nan ja da rawaya, wanda muka mai da shi maganin komai, ciwon ciki shi, gudawa shi, kaji sun yi mura shi. Sunansa tetarasaikilin, ƙaninsa dokzisaikilin, kuma su ake yawan bai wa mai ƙuraje. Daga wajen wata na huɗu, maganin na shiga haƙoran yaro da ke ƙulluwa a ciki, su fito da launin ƙasa-ƙasa wanda babu asuwakin da zai kankare. Sai ki yi ta rantsuwa a makaranta cewa ɗanki ba ya cin goro.

Na ji wata daga baya ta ce, "Ni fa ba bilicin nake yi ba, tabo kawai nake gogewa." Na yarda, ƙanwata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma abin mamaki, duk macen da ka tambaya tana cikin sauran 23 ɗin. A 2023 har NAFDAC sai da ta kira lamarin matsalar lafiya ta gaggawa. To, mu buɗe kwalbar goge tabon.

Abu na farko da aka saba samu haidurokwinon ne. An ƙiyasta cewa kashi 35 zuwa 45 na abin da kika shafa yana wucewa cikin jini. Wannan ba shafawa ba ce kuma, kusan sha ne ta fata, shi ya sa ake cewa mai ciki ta bar shi. Na biyu sitiroid mai ƙarfi, irin wanda ke cikin Dermovate da Betnovate da mayukan nan masu haɗi uku da ake matsewa cikin babbar kwalbar mai a juya da cokali. Magunguna ne na gaskiya, likita na rubuta su don wasu cututtukan fata na 'yan kwanaki, amma ba don shafe jiki safe da dare ba. Makon farko fuska ta lafa, ki ce kin dace. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsattsage, sannan ƙuraje su dawo da rakiyar 'yan uwansu, domin sitiroid da kansa yana haifar da ƙuraje. Kin ga dabarar mai haɗi: ta sayar miki da ciwon, ta zauna jiran ki dawo sayen magani. A Dakar ta ƙasar Senegal an bi mata 99 masu juna biyu, aka wallafa sakamakon a 2007. Wajen biyu bisa uku nasu suna shafa kayan haske da cikin a jikinsu, kuma masu shafa sitiroid mai ƙarfi sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi, da ƙaramar mabiyiya. Na uku zaiba, wadda ake zubawa a wasu sabulai da mayuka. Tana lalata ƙoda, tana ratsa mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwar tayi. Mutanen garin Minamata na Japan sun ga aikinta tun 1956, bayan dattin masana'anta ya gurɓata kifinsu, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 da ta hana cusa ta a kayan kwalliya. Yarjejeniya dai ba ta shiga kwalbar da babu takarda a jikinta.

Hajiya, na ga kina murmushi, wai ai kin faɗa, kayan zamani ne. Miƙo tandun kwallin nan. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai ga dalma ta haura kashi 80 cikin 100. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon wa'azi. Kwallin dutse mai ƙyalƙyali ya huta, a idon uwa da na jariri duka.

To me za a yi, a zauna a rungume hannu? A'a. A wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar kaifi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da tafin hannu, ba da soso ba. Alwala ba ta cikin lissafi, ruwa ne zalla, amma kada a mai da kowace alwala wankin sabulu, don fatar da aka bushe da ƙarfi ƙara maiƙo take yi. Man kitso ya tsaya a kan gashi, kada ya gangaro goshi. Hijabi da niƙabi da rigar matashi a riƙa wanke su a kai a kai, musamman da bazara. A wanke hoda kafin a kwanta. Kuma a daina matsa. Na san daɗin da ke cikin matsar ƙurji, amma a fatarmu ƙurji na kwana biyar ne, tabonsa kuwa sai ya ga yaye. Amarya, na gan ki kina tura lemun tsami bayan tukunya. Shi da man goge baki da kanwa duk ƙuna suke yi, ƙunar ta warke ta bar baƙi. Dilka da kurkum da zuma ban da faɗa da su, in an yi a hankali ba a dirje fata ba, kuma in ke kika haɗa da hannunki kin san abin da ke ciki.

Magungunan shafawa da likitocin mata suka amince da su ma suna nan. Azelaik asid mai ƙarfin kashi 15 ko 20, irin Skinoren, shi na fi so wa mai baƙar fata, don yana kwantar da ƙurji yana kuma dusashe tabo. Benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5, wanda kusan kashi 5 kawai na abin da aka shafa ke ratsa fata, shi ma ya halatta. Yana bilicin kam, amma hijabi da tawul yake yi wa, sai a kula. Akwai kilindamaisin na shafawa da likita kan haɗa da shi, akwai sabulun ruwa mai ɗan salisilik asid da bai wuce kashi 2 ba. In ƙurajen manya ne masu zafi da ke barin rami, likita na da maganin sha da ya dace da ciki, shi zai zaɓa, ba yaron kemis ba. Sai dai duk cikinsu babu mai aikin kwana uku. Mako shida zuwa takwas kafin a ga sauyi. Wadda ta yi miki alkawarin kwana uku, sitiroid ta zuba.

Baƙin nan kuma da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi da saman leɓe, tare da layin da ke saukowa daga cibiya, ba datti ba ne, ba kuma jifa ba. Cikin ne ya zuga launin fata, rana ta ƙara masa. Ga yawancin mata yana dusashewa cikin watanni bayan haihuwa. Abin da ke rage shi inuwa ce, da lema, da man kare rana mai lamba 30 ko sama, wanda aka yi da zink oksaid. Alhaji, dariyar me kake yi? Eh, baƙar fata da man rana. Gaskiya wani irinsa yakan bar mace fari-fat kamar wadda ta dawo daga injin niƙa, sai a nemi mai ɗan launi.

Tunda ka sa baki, Alhaji, zauna. Kai ne kake cewa ko a jikinka, an tsikari kakkausa, wai harkar mata ce. Amma wa ya kalle ta da safe ya ce "wai me ya samu fuskarki ne?" Wa ya tsaya kallon mai haske a talabijin har shayinsa ya huce? Rabin kwalaben nan ranar suna ake yi wa tanadinsu, don kada dangin miji su ce mai jego ta lalace, sauran rabin kuwa kai ne. Hukuncinka mai sauƙi ne. Ranar awo mai zuwa a zazzage duk abin da ke gaban madubi cikin leda, har sabulun da aka ɓoye a bayan akwati, kai za ka ɗauka, a ajiye gaban malamar asibiti ta tsince. Bayan an sauka ma a sake tambaya, don shayarwa na da nata ƙa'idojin.

Saura ke, mai haɗi, da na san tun sakin layi na goma kike rubuta mini raddi, wai kayanki na gargajiya ne zalla, daga karas sai madarar akuya. Madalla. Ki aiko da sunan duk abin da ke cikin kwalbar, da awonsa, da lambar rajistar NAFDAC, a buga miki kyauta a wannan shafi. A haɗo da hotonki, wanda aka ɗauka da rana tsaka, gwiwar yatsu a waje.