An Nuna Maka Wuƙar

A Ingila, kamfanin intanet na gida zai ɗaure ka da yarjejeniyar wata 18 ko 24, Afrilu na kamawa ya aiko maka da wasiƙa mai zaƙin baki: kuɗi ya ƙaru. A da, lissafinsu shi ne hauhawar farashi, a ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. A 2023 wasu sun sha ƙarin kashi 14.4. Ka ce za ka fita, a ce biya kuɗin watannin da suka rage. Ko mai gidan haya yakan bari shekara ta cika!

Hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta hana wannan lissafi daga 17 ga Janairun 2025. Yanzu dole a gaya maka tun farko fam nawa za a ƙara. Yankan dai yana nan, an dai nuna maka wuƙar.

Da tawa yarjejeniyar ta ƙare, na buga waya na ce zan koma wani kamfani. Nan take murya ta yi laushi, har da tambayar lafiyar iyali. Ragin da aka rantse min babu shi a Afrilu, ashe yana cikin aljihun tebur.