Mu da jajenmu na kwana bakwai

Jama'a, a faɗi gaskiya, wajen jaje babu wanda ya kama ƙafarmu. Bari wani abu ya faru a unguwa, gobara ce, ambaliya ce, ko 'yan bindiga ne suka shigo da tsakar dare, kafin hantsi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata sun ɗora tukwane, kwanukan tuwo da ƙwaryar fura sai shiga suke, har wanda ba ku ga maciji da shi sai ka gan shi a tsugunne yana cewa, "Ya muka ji da wannan abu? Allah ya kiyaye gaba." Ina ƙaunar wannan hali namu har cikin raina. To amma mu ƙirga tare: sadakar uku, sai bakwai, in an matsa a yi arba'in. Daga nan a naɗe tabarma kowa ya kama gabansa, alhali shi wanda ya ga abin da idonsa a lokacin ne barci yake fara ƙaurace masa.

A cikin kwanakin ma, dubi yadda muke yi. Duk wanda ya yi sallama sai ya gyara zama ya ce, "To wai ya abin ya faru?" Bawan Allah ya yi ta maimaita labari har muryarsa ta dushe, mu kuwa muna salati muna riƙe baki, wani ma ya zaro waya ya nuna masa bidiyon gawarwakin da ke yawo a WhatsApp. Amma bayan wata biyu, in shi da kansa ya ɗauko zancen don yana cin ransa, sai mu yi caraf mu tare shi: "Haba Malam, har yanzu? Ai ya wuce, a bar wa Allah." Ranar da mu ke son ji mun sa shi ya faɗa, ranar da shi ke son faɗa mun rufe masa baki. Kuma kada wani ya ce ban da shi, dukkanmu mun taɓa yi, da kyakkyawar niyya ma.

Su kuwa masu wannan ciwo ba kaɗan ba ne. Tun daga rikicin Maiduguri na 2009 ba mu huta ba: harin Kano na 20 ga Janairun 2012, na babban masallacin Juma'a a Nuwamban 2014, ɗaliban Chibok da Dapchi da Ƙanƙara da Jangebe, fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, ga 'yan uwanmu na Diffa da suka bar gonaki da koma suka gudu. Sai madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, wata guda bayan nan tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta Jigawa, a 2025 kuma ruwa ya tafi da gidaje a Mokwa. Kowane karo mukan ƙirga mamata, mu ƙirga buhunan shinkafa da barguna da gidajen sauro, a ɗauki hoto. Ba mu saba ƙirga waɗanda suka tsira da rai amma suka bar kwanciyar hankalinsu a can ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasi a 2019 cewa a wuraren da yaƙi ya taɓa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Sai ka dubi sahun sallarku ka yi lissafi.

Abin mamaki, mun fi kowa sanin ciwon, don mu ne muka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma bari tayar mota ta fashe a bakin kasuwa wani ya faɗa ƙarƙashin teburin mai shayi yana kyarma, mu ne za mu fara tuntsurewa da dariya, mu sa masa suna matsoraci. Yaron da aka gudo da shi daga ƙauye ya koma fitsarin kwance, mu ɗauko bulala. Yarinyar da aka karɓo daga daji ta daina magana, mu ce ai kunya ce, ko mu ce ta yi gamo. Magidanci ya zama mai saurin hasala, mu ce tunda ya rasa shagonsa ya canza hali. Tsohuwa ta ga hadari ya haɗo ta hau ɗaure kaya, mu ce rikicin tsufa. Likitoci kuwa sun ce ƙwaƙwalwar da ta ga mutuwa ido da ido takan zauna cikin shirin gudu ko bayan haɗarin ya wuce, shi ke kawo mugun mafarki da yawan firgita da gudun duk abin da zai tuno da ranar. Mutane da yawa kan warware cikin 'yan makonni idan suka samu masu tallafarsu. Wanda abin ya haura masa wata guda har ya hana shi barci da nema da shiga mutane, wannan yana bukatar ganin likita.

Mu kuma ina muke zuwa? Kemis. Ba za mu taɓa cewa tsoro ne ya hana mu sakat ba, sai dai mu ce ciwon kai, olsa, hawan jini, taifot. A haɗo mana ja da fari a leda, a ƙara da na barci, matasanmu kuma wasu su zarce ga tiramol da kodin, sannan mu taru mu ce yaran yanzu sun lalace ba tare da mun tambayi me suka gani ba. Daga kemis sai wurin malam, a yi tofi, a sha rubutu, a shafa man habbatus sauda. Ni ban raina addu'a ba, ita ce ta riƙe mu har yau. Amma wanda ya karye ai muna yi masa addu'a kuma mu kai shi wurin mai ɗori a rana guda, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni.

Matsalar dai sunan wurin, wato asibitin ƙwaƙwalwa. Mun mayar da Dawanau abin zagi, "wannan sai Dawanau", haka Sakkwatawa da Kware, haka mutanen Kaduna da Barnawa. Uwa ta gwammace ta kulle 'yarta a ɗaki da a ji an kai ta, don gobe in masu neman aure sun zo bincike kada a ce gidansu akwai taɓin hankali. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram suka dawo gida muka riƙa kiransu annoba, muna hana 'ya'yanmu wasa da nasu. Wannan kam babu raha a cikinsa, zalunci ne a kan zalunci.

Sai kuma mu ce namiji ba ya kuka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Alhali mu ne muke karanta wa yara cewa Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib kuwa har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Wa ya kai su haƙuri?

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai ɗari uku ba, ga mutum sama da miliyan ɗari biyu, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda aka gada daga Turawan mulki. Wannan bashi ne a wuyan hukuma, kuma ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu a kansa. Duk da haka an fara motsi: ana koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane larurar, a Borno kuma gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa ɗaukar masu ba da shawara a keke napep tana kai su har cikin unguwanni, tunda mutane ba sa zuwa da ƙafarsu.

Ragowar aikin kuwa kayansa na hannunmu, don muna da majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi da wurin kitso, kuma mu muka ce zumunci a ƙafa yake. A koma gidan bayan arba'in, a zauna ko ba a ce komai ba. In ya fara magana a bar shi ya kai aya, in ya yi shiru kada a tono shi. A tambaye shi, "Yaya, kana samun barci kuwa?" In ya ce a'a, kuma an ga abin ya daɗe, sai a ce masa ranar Litinin a shirya, tare za mu je asibiti, ni zan yanki kati.